Kada ka sa hannu kafin likita ya gama magana

Wani mai karatu ya rubuto ya ce: "Barista, wata huɗu ke nan da na yi hatsari. Ina zaune a gaban motar haya, sai babbar motar wani kamfani ta zo wuce mu a kan kwana ta buge mu ta gefen da nake. Ƙafata ta dama ta karye a wuri biyu, an yi mini aiki an sa ƙarfe. Ni kafinta ne, tun daga ranar ban sake riƙe zarto ba. 'Yan sanda sun kai direban kotu, an ci shi tara. Yanzu wani daga kamfanin inshorarsu ya zo da kuɗi da takarda, ya ce in sa hannu a rufe magana. Ya ce da ma ban ɗaura bel ba, don haka alfarma suke yi mini. Bashi ya taru, ga iyali. In karɓa?"

Malam, sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Kada ka sa hannu tukuna.

Takardar da aka kawo maka, in irin wadda kamfanonin inshora suka saba kawowa ce, tana ɗauke da wani layi da ke cewa ka karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakkiyar diyya, kuma ka yafe duk wani haƙƙi da ya shafi wannan hatsari, wanda ka sani yau da wanda zai bayyana gobe. Nauyin takardar duka yana kan wannan layin. Da zarar ka sa hannu, kotu ba ta cika warware shi ba sai an tabbatar da yaudara ko tilastawa, kuma tabbatar da hakan aiki ne ja. A Faransa, dokar hatsarin mota ta 1985 ta ba wanda ya ji rauni kwana 15 ya janye bayan ya amince da sulhu. Ƙasashe da yawa ba su da wannan rangwame, don haka ka ɗauka cewa sa hannunka ba shi da gyara.

Ƙafarka kuwa ba ta gama faɗin abin da za ta faɗa ba. Wata huɗu bayan karaya biyu, likitan da ya yi maka aikin ma bai isa ya ba ka tabbacin yadda za ta ƙare ba. Ƙashi yakan ƙi haɗuwa. Wani lokaci sai an sake shiga ɗakin tiyata don a cire ƙarfen. Gwiwa takan sandare, ƙafa takan gajarce, ciwon gaɓa yakan taso bayan shekaru. Mutumin da ke neman abinci a tsaye, yana ɗaga katako yana hawa tsani, ko ɗan ɗingishi ya isa ya rage masa samu har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan aiki shi ne in ga mutum ya dawo bayan shekara da takardar likita mai cewa sai an sake aiki, ga kuma kwafin yarjejeniyar da ya sa wa hannu lokacin da bashi ya shaƙe shi. A irin wannan hali da wuya lauya ya iya yi masa wani abu.

Na san bashin ba zai jira likita ba. Akwai hanya a tsakiya: ka nemi su ba ka wani kaso a matsayin kafin alƙalami, a rubuta ƙarara cewa za a cire shi daga diyyar ƙarshe kuma bai rufe maganar ba. Inda laifi ya fito fili kamar naka, kamfanonin inshora sukan yarda, kuma a wasu ƙasashen kotu na iya umartar su da su biya.

Tarar da aka ci direban ba ta taɓa haƙƙinka ba. Waccan shari'a ce tsakaninsa da hukuma kan karya dokar hanya, kuɗin kuma aljihun gwamnati ya shiga. Taka shari'ar daban ce, ta neman diyya, kai ne mai ƙara. Sai dai hukuncin zai yi maka amfani, domin a wurare da dama ana karɓarsa a matsayin hujja. Ka je kotun ka nemi kwafinsa mai hatimi, ka haɗa da rahoton 'yan sanda da zanen da suka yi na wurin hatsarin. Ko da ma an sallame shi, ƙofarka ba ta rufe ba, saboda shari'ar laifi tana buƙatar hujjar da ba ta bar kokwanto ba, shari'ar diyya kuwa rinjayen hujja ya wadatar.

Abin da za ka nuna wa alƙali shi ne sakaci. Duk wanda ya riƙe sitiyari doka ta ɗora masa nauyin kula da sauran masu amfani da hanya. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, tushen wannan ƙa'ida yana cikin wani hukunci na 1932, shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda ta faro daga wata mata a Sikotilan da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar lemo. Daga nan aka kafa cewa kowa zai amsa laifin cutar da ya jawo wa wanda ya kamata ya hango cewa aikinsa zai shafa. Wuce mota a kan kwana, inda ba a ganin gaba, misali ne da ba ya buƙatar dogon bayani. Saura ka haɗa sakacin da raunin, kuma wannan aikin takardun asibiti ne.

Ba direban kaɗai za ka nema ba, kuma wannan ya fi komai muhimmanci ga aljihunka, don direba da wuya ya mallaki abin da zai biya. Idan yana kan aikin kamfanin lokacin da abin ya faru, kamfanin yana ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa, bayan kamfanin kuma akwai inshora. Idan suka ce direban motar da ka hau shi ma yana da laifi, to a haɗa da shi da mai motar a cikin ƙarar, su raba alhakin a tsakaninsu. Fasinja ba shi ya tuƙa ko ɗaya ba, shi ya sa matsayinsa ya fi na kowa ƙarfi. Ga masu karatu da wanda ya buge su ya gudu ko ba shi da inshora, ku bincika ko ƙasarku tana da asusun da ke biyan irinku. Birtaniya ta kafa nata tun 1946, Afirka ta Kudu kuma tana da asusun da ake tarawa daga harajin man fetur.

Batun bel, mutumin ya faɗi rabin gaskiya. Rashin ɗaura bel yana iya rage diyya, amma a mafi yawan wurare ba ya soke ta. A Ingila kotun ɗaukaka ƙara ta shimfiɗa ma'auni a 1975: a rage kashi 25 cikin 100 idan bel zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai sassauta shi kawai, kada a rage komai idan bel ba zai canza komai ba. Ka lura da na ƙarshen. An buge ku ta gefe, ƙofa ce ta danne ƙafarka. Shin bel zai hana wannan karaya? Likita ne zai amsa, kuma su da suka tayar da maganar su ne za su kawo hujja. Kalmar alfarma ba ta da wuri a nan, haƙƙi ne doka ta ba ka.

Diyyar kanta ta ƙunshi abin da ake iya ƙirgawa da wanda ba a iyawa. Na ƙirgawa su ne kuɗin asibiti, magani, hoton ƙashi, gashin ƙafa, sandar dogarawa, kuɗin motar zuwa ganin likita, da samun da ka rasa. Ka adana kowane rasit, komai ƙanƙantarsa. Masu sana'ar hannu a nan suke shan wuya, don ba su da takardar albashi. Ka tattara littafin da kake rubuta ayyuka, saƙonnin shigar kuɗi a waya ko banki, rasit ɗin katako da ka saya a watannin baya, da mutanen da suka ba ka aiki ka kasa yi. Waɗannan duka suna nuna abin da kake samu kafin hatsarin. Idan maiɗakinka ko wani ɗan'uwa ya bar sana'arsa yana jinyarka, a rubuta kwanakin, domin kotuna da yawa suna lissafa wannan hidima. Sai kuma raɗaɗi, da rashin barci, da fargabar shiga mota, da abubuwan da kake yi da ƙafarka yanzu ba ka iyawa. Alƙali yakan ƙiyasta su ta hanyar duba abin da aka ba masu rauni irin naka a baya. Kaso mafi girma sau da yawa shi ne na gaba: aikin da za a sake, da raguwar samu na shekaru. Shi ne kuma tayin gaggawa yakan tsallake.

Na ce ka jira likita, amma jiran yana da iyaka, domin doka ta sa wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne daga ranar hatsari ko ranar da mutum ya gane raunin. A Faransa shekara 10 ne daga lokacin da raunin ya daidaita. A Najeriya, idan ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aiki, akwai dokar da ta taƙaita wa'adin zuwa wata 3 kacal. Ka ga tazarar da ke tsakani. Tattaunawa da kamfanin inshora ba lallai ta tsayar da wannan agogo ba, kuma na sha ganin an yi ta jan mutum da "muna duba fayil ɗinka" har lokaci ya ƙure. Cikin makon nan ka sa lauyan da ke aiki a inda hatsarin ya faru ya faɗa maka ranar da wa'adinka zai cika, ka rubuta ta. Ana iya shigar da ƙara a ci gaba da sulhu, ɗaya ba ya hana ɗaya, kuma yawancin irin waɗannan shari'u da sulhu suke ƙarewa.

Lauyan ya zama naka, ba wanda su suka nuna maka ba. Ku rubuta yadda za a biya shi tun farko. In kaso zai ɗauka daga diyyar, a faɗi nawa ne, da wanda zai ɗauki kuɗin kotu idan ba a yi nasara ba. In babu hali, ka tambayi ofishin taimakon shari'a na gwamnati ko ƙungiyar lauyoyi.

A naka ɓangaren, kada ka fasa zuwa asibiti ko gashin ƙafa, don za su ce kai ka ja wa kanka tsananin ciwon. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake ji, ba ƙari ba ragi, har da tsohon ciwo in akwai. Ka kuma kula da abin da kake sawa a Facebook, hoto ɗaya kana tsaye kana murmushi ana iya kai shi gaban alƙali.

Idan mutumin ya dawo, ka karɓe shi da mutunci. Ka ce ya bar maka kwafin takardar da tayin a rubuce, da sunan kamfaninsu da lambar inshorar motar, lauyanka zai tuntuɓe su. Kada ka yarda a naɗi muryarka, kuma kada ka ba shi asalin ko da rasit ɗaya, kwafi kawai.