Kun Tambaya, Mun Amsa: Itatuwan da ke jikin hubbaren Askiya

Tambaya: Na ga hoton hubbaren Askiya na garin Gao a Mali, jikinsa duk itatuwa sun leƙo cako-cako. Ado ne ko suna da aiki? Kuma ta yaya ginin ƙasa ya kai shekara ɗari biyar a tsaye? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Itatuwan nan matakala ce ta dindindin. A kansu magina ke tsayawa idan za a yi yaɓe, ba sai an kafa tsani ba. Irin su ne a jikin hasumiyar masallacin Agadas, wadda ta kai mita 27.

Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, shi ya sa aka gina hubbaren a 1495, tsayinsa mita 17, gindi faffaɗa, yana tsukewa hawa-hawa har sama. A harabar akwai masallatai biyu masu rufin soro, da maƙabarta, da filin taro. UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2004.

Batun daɗewa kuwa, sirrinsa yaɓe ne. Ruwan damina kan ɗauke fatar bango kaɗan-kaɗan, jama'ar gari kuma su taru su mayar. Ana kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi ko ciyawa, a bar ta kwanaki ta jiƙu ta yi danƙo. Kafin a shafa, sai a kankare tsohon yaɓen da ya ɗago, a yayyafa wa bango ruwa, sannan a bi da hannu. Wanda ya ɗora sabuwar ƙasa a kan busasshen bango mai ƙura ya yi aikin banza, ruwan farko zai ɓamɓare ta.

Ɓarna takan fara ne daga sama ko daga gindi. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe, gara ta ƙarasa ta. A gindi kuma, ruwan da ke tsatsafowa daga ƙasa yana zaizaye bango har ya yi kogo. Shi kansa yaɓen, idan ana ta jibga shi shekara da shekaru ba a ragewa, nauyinsa na iya karya azara. Babban kuskure dai shi ne shafen siminti, wanda wasu ke gani gata ne. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta narke a bayansa ba wanda ya gani, sai ranar da ɓawon ya faɗo da rabin bango.

Ko ginin ƙasa ya rushe ma, ana iya mayar da shi, kamar yadda aka yi a Tumbuktu, wani garin a Mali. Hubbarorin waliyyan garin gajeru ne, ɗakuna ne na ƙasa da farin dutsen yankin. 'Yan bindiga sun rushe 14 daga cikinsu a 2012. Maginan garin, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, su ne suka sake tayar da su, aka kammala a 2015.