Amsa ga ɗan ƙanwata mai neman gurbin karatu a Kumasi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci kana so ka karanta injiniyanci a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke ƙasar Gana, wadda mutanen Kumasi ke kira Tek, amma takardu da ranakun rufewa sun cakuɗe maka har ka rasa ta inda za ka fara.

Ka fara da sunanka. Yau ɗin nan ka shimfiɗa fasfo, da takardar haihuwa, da sakamakon WAEC a kan tabarma, ka bi su harafi bayan harafi. Idan wannan ta ce Muhammad, waccan ta ce Mohammed, ko sunan mahaifinka ya zo a gaba a ɗaya kuma a baya a ɗaya, ko ranar haihuwa ta saɓa, to ka gyara tun kana Kano, inda kotun da za ka yi rantsuwa take kusa da kai. Na ga yara daga gida a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi waɗanda sun samu gurbi, sun biya kuɗi, amma rajista ta tsaya saboda harafi guda, iyayensu kuma suna ta aiko kuɗin abinci alhali ba a fara darasi ba. Wannan ya fi komai damuna, shi ya sa na sa shi a gaba.

Jarrabawar WAEC iri ɗaya ce a Najeriya da Gana, hedkwatar hukumar ma a Accra take, kuma ba a buƙatar JAMB a nan. Sai dai lissafin ya bambanta da wanda ka saba: ana haɗa makin darussa shida, A1 maki ɗaya, C6 maki shida, kuma mai ƙaramar jimilla shi ne a gaba. Ka lissafa taka, ka duba darussan da sashen da kake so ya shar'anta, sa'annan ka nemi jami'a ta biyu, ko Jami'ar Gana da ke Legon ko ta Cape Coast, don kada ka rataya shekara guda a kan ƙofa ɗaya. Idan wani ya tallata maka jami'a mai zaman kanta, ka tabbatar hukumar GTEC, mai kula da manyan makarantu a Gana, ta amince da ita da kuma kwas ɗin kansa, domin ranar da ka koma gida neman bautar ƙasa za a tantance takardar.

Ka sayi littafi guda, kowace jami'a da shafinta: ranar buɗe fom, ranar rufewa, abin da ka tura, abin da ya rage, da lambar kowane rasiti. Ranakun ka ɗauko su daga shafin jami'ar na intanet, kada ka karɓe su daga bakin dillali ko daga WhatsApp. Imel ɗin da za ka cika fom da shi ya zama naka, kalmar sirrinsa a hannunka, ko da mai shagon kwamfuta ne zai taya ka. Hoton kowace takarda ka ajiye a waya, ka turo mini kwafi.

Ka gaya wa mahaifinka tun yanzu cewa ɗalibin waje da dala ake yanka masa kuɗin makaranta, kuma ɗakin kwana a Ayeduase ko Kotei, unguwannin da ke kusa da jami'ar, kuɗinsa daban ne, galibi na shekara ake biya gaba ɗaya. Shigowa ba ta buƙatar biza saboda ECOWAS, amma kwana 90 ne kawai, bayansu dole ka samu izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaida na baƙi. Katin rigakafin shawara ma ka yi shi kafin ka kama hanya.

Ka turo mini hoton takardun nan uku kafin Juma'a mu duba sunan tare. Ka gaishe da mahaifiyarka.