Hukuncin juyar da kaset-kaset ɗin mamaci zuwa kwamfuta

Tambaya: Allah gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu a Mabera, nan Sakkwato, ya bar kwalaye cike da kaset da faifan CD: tafsirin azumi, wa'azi, waƙoƙin bege, da na makaɗan fada da na noma. Zafi ya fara cin zaren wasu. Ina son in juye su a kwamfuta mu riƙa saurare a gida. Ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah. Allah ya jiƙansa.

Ɗan'uwa, tun kafin ka kunna rikoda, ka sani kasusuwan nan gado ne. Duk magaji yana da haƙƙi a ciki, har ƙannenka mata da ke gidan aure. Ka nemi yardarsu. In akwai yaro ƙarami, a yi wa kayan kuɗi a ajiye masa kasonsa.

Juyewar kanta ba ta da hukunci na daban, abin da ke cikin kaset ɗin ne ke ɗauke da hukuncin. Karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi, adana su alheri ne, kuma ina yi maka kwaɗayin lada, domin malamai da yawa sun rasu ba su bar littafi ba sai muryarsu a irin waɗannan kasusuwa. Ka rubuta sunan malami da surar da ya fassara, ka ajiye kwafi a wuri biyu, memori na lalacewa. Waƙar da ba kiɗa, in ma'anarta mai kyau ce, ba laifi. Ai Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a.

Mai kiɗa ce ake magana a kanta. Mashhurin mazhabar Malikiyya hani ne, kamar yadda yake a littafin Risala, ban da mandiri a bikin aure, wasu malamai kuma sun ƙara da idi, saboda hadisin 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi. Ibn Hazm, malamin Andalus, ya halatta, yana ganin hadisin hanin bai inganta ba, malaman hadisi da dama kuma sun mayar masa da martani. Ni dai abin da na rinjayar shi ne ka bar su. Wanda ya ajiye na noma ko na tarihin sarauta bisa bin wancan ra'ayi, ba zan fasiƙantar da shi ba. Amma mai batsa, ko zambo, ko kiran bori, wannan babu saɓani, kada ka juye, kada ka bayar.

Abin da ka juye na gida ne. Kai shi wurin masu tura waƙa a kasuwa su sayar, cin haƙƙin mai shi ne, wato malami ko mawaƙin da ya yi shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da irin wannan haƙƙi a zamanta na Kuwait a 1988. Sai fa wanda mai shi ya ce a yaɗa don Allah.

Kaset ba Mus'hafi ba ne, ana taɓa shi ba alwala. Takardar bangon kaset mai ayoyi kuwa a ƙona ta ko a binne a wuri mai tsarki.

Wallahu a'alam.