Tambayi Likita: Me Lambar Gwajin Jinin Mahaifiyata Take Nufi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Shekara biyu ke nan mahaifiyata tana fama da ciwon zuciya. Ƙafafunta suna kumbura, ba ta iya barci sai an jera mata filo uku, zuwa bakin rijiya ma ya gagare ta saboda haki. Mun kai ta Kano aka yi mata gwajin jini mai suna NT-proBNP, takarda ta nuna 2,600, sai wani ya ce mini wannan lamba alamar kwananta ya ƙare ce. Don Allah haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka bisa ɗawainiyar da kake yi. Wanda ya faɗa maka wannan magana ya yi ganganci, domin gwajin ba ya ƙirga kwanakin kowa.

Idan zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, jinin yakan taru ya matsa bangonta, ita kuma sai ta saki wani furotin cikin jini wanda aikinsa shi ne sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Masana a Japan ne suka fara gano shi a 1988, ana kiransa BNP, kuma NT-proBNP ɓangare ne da ke ɓallewa tare da shi, amma ya fi shi daɗewa a jini. Ga wanda ciwo bai taso masa da gaggawa ba, lambar da ta gaza 125 tana nuna da wuya gazawar zuciya ce ke damunsa. Saboda haka ba zan ɓoye maka ba: 2,600 shaida ce zuciyar Inna tana ɗauke da nauyi, kuma a jimlace, masu babbar lamba sun fi yawan komawa gadon asibiti da shiga haɗari.

Sai dai lamba ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba. Tsufa, raunin ƙoda da hargitsewar bugun zuciya suna ɗaga ta, ƙiba kuma tana rage ta, shi ya sa likita yake haɗa ta da hoton zuciya, gwajin ƙoda da na ƙarancin jini. Abin da na fi dubawa a wurin marasa lafiyata shi ne inda lambar ta dosa bayan an daidaita magani. Wanda tasa ta sauko ƙasa da 1,000 yakan fi samun sauƙi, wanda tasa ke hauhawa kuwa yana buƙatar a sake duba magungunansa da wuri.

A gida, a rage mata gishiri, dunƙulen miya da kanwa, kada kuma a saya mata diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon gwiwa, domin suna riƙe ruwa a jiki. Kada ta bar magani don kawai ta ga kumburi ya saɓe, wanda kuskure ne da nake gani kullum idan aikin damina ya kankama. Idan akwai sikeli, a auna ta kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, ko farkawa tsakar dare tana neman iska, dalili ne na kai ta asibiti a ranar. Ka adana wannan takarda cikin leda, ka tafi da ita ranar da za a maimaita gwajin.