Ahmed Abdul-Malik: Makaɗin Jazz da Ya Haɗa Bas da Ud

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na saurari wani faifan Thelonious Monk, sai na ga sunan mai kaɗa bas ɗin Ahmed Abdul-Malik. Abokina ya ce ɗan Sudan ne. Haka ne? Kuma yaya kiɗansa ya faro, ina ya kai shi?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Malam, abokinka bai ƙirƙiro zancen ba, domin shi kansa Abdul-Malik ya sha faɗa cewa mahaifinsa daga Sudan ya zo. Sai dai binciken masanin tarihi Robin Kelley ya nuna iyayensa 'yan tsibirin Saint Vincent ne a yankin Karibiyan. An haife shi a Brooklyn da ke New York a 1927, sunansa na yanka Jonathan Tim. Yana saurayi ya musulunta ta hannun 'yan Ahmadiyya, kamar makaɗan jazz da dama na lokacin, ciki har da mai ganga Art Blakey, wanda ya yi wa kiɗa a farkon tasowarsa.

Da gogen Turawa ya fara tun yana yaro, daga baya ya koma bas, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa a kaɗa shi a tsaye. Aikin mai bas a jazz ba na nuna kai ba ne. Shi ke riƙe taku, shi ke shimfiɗa amon ƙasa da sauran ke hawa a kai. Idan ya yi rauni kowa zai ji, idan ya yi daidai ba kasafai ake tunawa da shi ba.

Makarantarsa mafi tsanani ita ce zamansa da Monk a 1957 da 1958 a gidan rawa na Five Spot. Monk mutum ne mai barin gurbi a kiɗa: zai ɗaga hannu daga fiyano, wani lokaci ma ya miƙe yana taka rawa, ya bar mai bas da mai ganga su riƙe waƙar. Nemi faifan Misterioso ka kasa kunne ga abin da ke gudana a ƙasan saksofon ɗin Johnny Griffin, za ka ji mutum mai nauyin hannu wanda ba ya gaggawa. Abdul-Malik ne kuma mai bas a wasan Monk da mai saksofon John Coltrane na zauren Carnegie Hall a Nuwamban 1957, wanda ba a gano naɗinsa ba sai 2005.

Abin da ya sa nake ɗaukarsa da muhimmanci yana wani gefen. A Brooklyn akwai Larabawan Siriya da Lebanon a wajen titin Atlantic Avenue, da shagunansu da makaɗansu. A wurinsu ya kamu da son ud, molon Larabawa, ya shiga koyon maƙam, wato tsarin muryoyin da kiɗansu ke tafiya a kai. Ka lura da wannan: bas da ud duka ba su da ƙarafan nan da ake gittawa a wuyan gita. Saboda haka yatsa na iya sauka tsakanin murya da murya, ya fitar da amon da fiyano ba shi da shi sam. Hannun da ya saba da bas ya riga ya ci rabin hanyar ud.

Jazz na wancan zamani yana tafiya ne bisa amon da ke sauyawa kusan kowane taku huɗu. Abdul-Malik ya ga za a iya tsayawa kan maƙam ɗaya na tsawon lokaci, mai busa ya yi ta yawo a cikinsa. Haka ya yi a Jazz Sahara a 1958, tare da Griffin da masu kaɗa kanun (abin kiɗan Larabawa mai tsirkiya da yawa) da darbuka (ƙaramar gangarsu) da goge, watanni kafin mai busa ƙaho Miles Davis ya naɗi Kind of Blue, faifan da ya shahara da irin wannan salo. A kunnena faifan bai gama haɗuwa ba. Wani wuri sai ka ji kamar ƙungiyoyi biyu ne ke karɓa-karɓa. Amma duk da haka ƙofa ce ya buɗe, kuma an rage masa haƙƙinsa wajen ambato.

A Disambar 1961 ya zo Legas tare da abokinsa na ƙuruciya, mai kaɗa fiyano Randy Weston, cikin tawagar mawaƙa da marubuta baƙaƙen fatar Amurka. Tasirin kiɗan Afirka ta Yamma ya fito a Sounds of Africa na 1962, kuma a nan ne nake jin ɗinkin ya fi kamawa. Bayan 1964 bai ƙara fitar da faifai da sunansa ba. Ya karkata ga koyarwa, har a Jami'ar New York, ya rasu a 1993 a jihar New Jersey. In za ka bi shi daki-daki, fara da faifan Monk da ke hannunka, sannan Jazz Sahara, sannan na 1962.