Abin da ya sa ba ma kiran sunan Inna

Ɗana, saƙonka ya iso, barka da arziki. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ce babanka ya sa an raɗa wa jaririyar sunan Inna, amma tun ranar suna kowa Ummi yake ce mata, har shi kansa. Kana tambaya, in ba za a kira sunan ba, don me aka sa shi?

Ni gwaggonka na ba sittin baya, amma sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba sai in ana cika takarda, shi ma murya ƙasa-ƙasa. Ita ce alkunya. Ɗa ba ya kiran sunan iyaye, mace ba ta kiran na miji ko na surukai, uwa kuma tana kawaici ga ɗan fari. Har Inna ta koma ga Allah ban ji ta ambaci sunan babanka ba, sai dai "yaron nan". To yau ga sunanta ya dawo gida, ta yaya zai tsaya a tsakar gida ya ƙwala shi? Shi ya sa ake lakabi: Ummi, Mama, Walida ko Hajiya ga mace, Abba ko Baba ga namiji. Ba farilla ba ce, kada wani ya ce maka zunubi ne in an kira. Al'ada ce, ni kuma ina son ta. Ku jikoki dama wasa ne tsakaninku da ita, kai ne fa mai gidanta da take tuhuma kullum da rashin kawo cefane.

Amma kai tsohuwa ka tarar, mai carbi da goro. Ba ka san mai masa ba.

Tana goyon ƙanena aka kawo gawar Tafawa Ɓalewa Bauchi a 1966, da wannan take lissafin shekarunsa. Baba ya rasu a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta fito da mu shida, ba gona ba shago. Sai tanda.

Da la'asar take jiƙa shinkafar tuwo, a kai niƙa, ta haɗa da 'yar dafaffiya, ta rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Kafin assalatu ta farka. Nafila tukuna, sannan wuta. Ina kwance nakan ji ƙarar man gyaɗa a tanda da muryarta tana salati, ba ta fasa ɗaya don ɗaya. Takan ɗiga ruwan kanwa ta ɗanɗana, in tsamin bai faɗa ba ta ƙara. Babban yatsanta na dama duk tabon ƙuna ne. Juyin farko kuwa ba na sayarwa ba ne, na almajirai ne, ko da ranar ba mu da kuɗin mai na gobe. Na taɓa yi mata ƙorafi a kan haka, ta dube ni ta ce su ma 'ya'yan wata ne. Ban sake ba.

Mutanen unguwarmu ta Jahun da yawa bashi suke ci. Ba ta iya boko ba, sai ta riƙa jan layi da gawayi a bangon kicin, kowane gida da gefensa. In azumi ya kama ta ɗebo ruwa ta wanke na waɗanda ta san ba su da hali, ba ta kuma aika musu cewa ta yafe, don kada su ji nauyi.

Da aka buɗe firamare kyauta a 1976, wasu suka ce ta bar mu mata mu yi talla. Ta ƙi. Ta ce mai son masa ya san ƙofar gida. Da adashi ta yi mana kayan ɗaki mu uku, da shi ta sauke farali. Bayan ta aurar da autarta ta shiga Islamiyyar matan aure, tana zama tabarma ɗaya da sa'annin 'ya'yanta, ta kama daga Fatiha. Da azumi rediyo na gefen tanda, tana sauraron tafsirin Shehu Ɗahiru Bauchi. Sai da gwiwa ta hana ta durƙuso muka karɓe tandar da ƙyar, ta yi mako tana fushi da mu.

Wannan matar ce babanka yake so ya riƙa gani tana rarrafe a gabansa. In ya ce Ummi, uwarsa yake kira, kuma har yanzu kunyarta yake ji. Saboda haka ka shirya: ranar da ka ɗaga wa yarinyar nan murya a gabansa, zai ce maka kada ka taɓa masa uwa, ba kuma da wasa zai faɗa ba. A takardar haihuwa da makaranta a rubuta sunanta na yanka cikakke. Kai ma in ka ga dama ka kira, jika ne kai, ba wanda zai ga laifinka, sai dai ka sassauta in muna kusa.

Tandar tana wajena, gefe ɗaya ya ɗan tsage amma tana aiki. In mai jego ta yi arba'in ku kawo min Ummi, zan jiƙa shinkafa tun jajibere. Ka gaishe ta, ka ce kada ta yi wasa da kunun kanwa.