Lakar ƙarƙashin kejin kifi ta yi baƙi tana wari, mu burkita ta?

Tambaya: Salam Dakta. Ina aiki a gonar kifi ta keji a cikin teku. Kwanan nan da muka ɗebo laka daga ƙarƙashin kejin sai muka ga ta yi baƙi ƙirin, ga wani farin abu kamar auduga a samanta, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kaguwa da kawa da muka saba gani duk babu, sai wasu ƙananan jajayen tsutsotsi. Wani ya ce mu ɗaura sarƙa a jirgi mu burkita lakar warin ya fita, har ya kawo hoda wai tana kashe wari. Wallahi hankalina a tashe yake, kar kifin ma su bi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka ajiye sarƙar nan tukuna, kada ka bari kowa ya taɓa lakar.

Abin da ka gani salfaid ne ya taru, wato guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ragowar abinci da kashin kifi sun sauka ƙasa sun cinye oksijin ɗin lakar, sai bakteriya masu amfani da salfet (wani gishiri da ke narke a ruwa) suka karɓi aikin suna mayar da shi salfaid, ruwan teku kuwa cike yake da salfet, wajen giram 2.7 a kowace lita, don haka ba za su rasa abin aiki ba. Da farko ƙarfen da ke cikin lakar ne yake kama salfaid ɗin ya riƙe, shi ya sa ta yi baƙi. In ƙarfen ya ƙare sai gubar ta riƙa yawo a ruwan da ke tsakanin lakar. Farin abin nan Beggiatoa ce, bakteriya mai rayuwa da salfaid, ganinta a sama na nufin gubar ta riga ta iso fuskar lakar. Jajayen tsutsotsin kuma da alama dangin Capitella ne, su ne ke cika wuri in sauran sun mutu, don haka yawansu kar ya sa ka ce ai akwai rai a wajen. Tun 1978 masu bincike Pearson da Rosenberg suka bayyana wannan jerin, manya masu haƙa rami su fara tafiya, sai ƙanana masu juriya, sai a wayi gari babu kowa. Su masu haƙa ramin nan su ke shigar da ruwa mai oksijin cikin laka, suna mutuwa abin yake ƙara lalacewa.

To yanzu maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kullum sai na ji ta, wai wari ne matsalar, in ya tafi shikenan. Wa ya ce? Salfaid guba ce da ke toshe cytochrome c oxidase, sinadarin da ƙwayar halitta ke amfani da oksijin ta hanyarsa, daidai inda gubar sayanaid ke kamawa, ko da oksijin na nan dabbar ba za ta iya amfani da shi ba. In ka ja sarƙa ka burkita lakar, abin da ya yi watanni a binne ne za ka sako lokaci guda ƙarƙashin kifin da ke kulle ba su da wajen gudu, sannan baƙar lakar da ta tashi ita ma sai ta zuƙe oksijin ɗin ruwan, duka biyu kenan a rana ɗaya. A gaɓar Namibiya in salfaid ya ɓarke daga ƙasan teku da kansa, dabbobin ƙasan teku irin su lobsta har fitowa suke kan yashi, wannan fa a buɗaɗɗen teku ne, balle cikin keji.

Hancin ma da kuke dogara da shi ba ma'auni ba ne. Yana jin warin tun iskar salfaid tana ƴar kaɗan, amma in ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan sai jijiyar ƙanshi ta daina aiki, mutum ya ce ai warin ya tafi alhali lokacin ne ya fi yawa, in ta kai 700 zuwa sama kuwa faɗuwa ake yi nan take. A 2009 a gaɓar Brittany ta Faransa doki ya mutu, mahayinsa ya suma, bayan sun faɗa cikin laka mai ruɓaɓɓen gansakuka. Ni abin da ke ɓata mini rai, masu tallan hodar nan ba su taɓa auna komai ba, ba sa ma iya faɗin abin da ke cikinta, su karɓi kuɗi su wuce su bar ma'aikaci yana leƙa bokitin laka a rufaffen ɗaki. Ran mutum ake magana fa, a ji tsoron Allah.

Ku rage abincin da kuke zubawa daga yau, ku rage yawan kifin, in da hali ku matsar da kejin inda ruwa ke gudu sosai ku bar wajen ya huta. A auna salfaid da redoks (ma'aunin da ke nuna yadda lakar ta rasa oksijin) a saman lakar da na'ura, da oksijin ɗin ruwan da ke kusa da lakar, a kuma maimaita lokaci zuwa lokaci. Kalar lakar takan gyaru kafin dabbobin su dawo, wani wajen sai an yi shekaru, don haka kar ku mayar da keji sai kun ga masu haƙa rami sun dawo. Samfurin laka kuma a buɗe shi a fili inda iska ke kaɗawa, kuma kada mutum ɗaya ya yi aikin shi kaɗai.